William Halsted: Likitan da Wuƙarsa Ta Mulki Sankarar Mama Sama da Shekara 80

A filinmu na tarihin mashahurai na wannan fitowa na ɗauko muku wani Ba'amurke, likitan fiɗa, wanda ya mutu tun 1922. Bari in fara da faɗin dalili, kar wani ya ce me ya haɗa mu da shi.

Gwaggota ta rasu bara waccan a ƙauyenmu da ke gefen fadama a ƙasar Kafin Hausa. Ta yi wajen shekara biyu tana ɓoye wani ƙullutu a nononta na hagu. Da aka farga aka ce a tafi asibiti, sai ta ƙi. Dalilinta shi ne tun tana budurwa ta ga wata mata da aka yi wa aiki a birni, ta dawo ƙirjinta ya lotsa har ana iya ƙirga haƙarƙarinta, hannunta kuma ya kumbura ya zama kamar turmi. Gwaggo ta ce gara ta mutu da jikinta cikakke. Sai da wurin ya fashe aka samu aka kai ta, likita ya duba ya ce an makara. Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta. Daga baya ne na gano cewa irin aikin nan da ya tsorata ta yana da suna a littattafan likitanci, kuma sunan mutum ne: Halsted.

Ɗan masu kuɗi da bai damu da littafi ba

An haifi William Stewart Halsted ranar 23 ga Satumba, 1852, a birnin New York, a gidan attajirai masu fataucin yadi da kayan sawa. Ya shiga Jami'ar Yale a 1870, inda ya yi suna a wasanni har ya zama kyaftin ɗin 'yan ƙwallo. Karatu kam sama-sama yake yin sa. Masu rubuta tarihinsa sun ce babu wata shaida da ke nuna ya taɓa aron littafi a laburaren jami'ar. Sai a shekararsa ta ƙarshe ya sayi littafin ilimin sassan jikin ɗan Adam, ya karanta, abin ya shiga ransa. Ya wuce makarantar likitanci ta Columbia, ya gama a 1877 cikin na gaba-gaba. Kun ga ke nan wanda ya yi wasa a ajin farko bai kamata ya yanke ƙauna ba.

Zamanin nan fiɗa tana cikin sauyi. An fara sumar da majinyaci da iskar ita a Boston a 1846, sannan a 1867 Joseph Lister ya nuna cewa ƙwayoyin cuta ne ke ruɓar da rauni, kuma ana iya kashe su da sinadarin kabolik. Kafin haka gwanin likita shi ne mai sauri, ya yanka ya ɗinke kafin majinyaci ya mutu don azaba. Daga 1878 zuwa 1880 Halsted ya zagaya Ostiriya da Jamus, ya kalli aikin manya irin su Theodor Billroth a Vienna da Richard von Volkmann a Halle. A can ya ga yadda ake cire nonon mace, bayan 'yan watanni cutar ta sake tsirowa a bakin tabon.

Da ya dawo New York sai ya zama saurayin likita mai ƙarfin hali da kowa ke magana a kansa. A 1881 ya tarar da ƙanwarsa jini ya ɓalle mata bayan haihuwa, ya ɗebi jininsa da sirinji ya ɗura mata, ta tashi. Lokacin ba a ma gano rukunin jini ba, Allah ne dai ya kiyaye. A 1882 kuma ya yi wa mahaifiyarsa fiɗa cikin dare a kan teburin gida, ya buɗe maɗaciyarta ya fitar da tsakuwa bakwai.

Tarkon hodar iblis

A watan Satumban 1884 wani likitan ido a Vienna, Karl Koller, ya bayyana cewa ruwan hodar iblis yana kashe zafi a ido har a yi aiki mutum bai ji ba. Halsted da abokan aikinsa da ɗalibansa suka shiga gwada ta a jikinsu, suna yi wa kansu allura a kan jijiyoyi. Ta haka suka gano cewa in an kashe jijiya ɗaya, duk yankin da take kula da shi zai mutu na ɗan lokaci. Allurar da likitan haƙori ke yi maka a dasashi kafin ya cire haƙori daga nan ta samo asali.

To amma hodar ta kama su. Wasu daga cikin abokan gwajin sun lalace har lahira. Shi kansa Halsted ya fara fashin aiki, a 1885 ya buga wata maƙala da jimlolinta ba kai ba gindi. Amininsa William Welch ya ɗauke shi yawo a jirgin ruwa ko zai rabu da ita, bai rabu ba. A 1886 aka kwantar da shi wata bakwai a asibitin Butler na masu taɓin hankali a Providence. Maganin da aka ba shi a can shi ne mofin, sai ya fito da jaraba biyu a maimakon ɗaya. Yana da shekara 34 kacal, sunansa ya ɓaci a New York. Duk wanda ya ga yadda kodin da tiramol suka yi da samarin Jigawa da Kano, har gwamnatin tarayya ta haramta maganin tari mai kodin a watan Mayun 2018, ya san irin ramin da mutumin nan ya faɗa.

Welch bai yar da shi ba. A ƙarshen 1886 ya kai shi Baltimore, inda ake gina asibitin Johns Hopkins, ya sa shi a ɗakin gwaje-gwaje yana koyon ɗinkin hanji a jikin karnuka. Da aka buɗe asibitin a 1889 aka ba shi sashen fiɗa, a 1892 ya zama farfesa.

Mutumin da ya isa Baltimore ya canza gaba ɗaya. Mai fara'a da son taro ya koma shiru-shiru, mai gudun mutane, mai baƙar magana. Tsabtarsa ta kai har Faris yake aika rigunansa a wanke a goge. A ɗakin fiɗa kuma ya daina sauri. Yakan ɗaure kowace 'yar jijiyar jini ɗaya bayan ɗaya da zaren siliki siriri, ya riƙa lallaɓa nama kamar mai ɗaukar ƙwai, aikin awa ɗaya ya kai shi awa huɗu. Ana yi masa dariya, amma majinyatansa ba sa zubar da jini, rauninsu kuma ba ya ruɓa.

Akwai wata nas mai taimaka masa, Caroline Hampton, wadda sinadarin wanke hannu ya sa fatarta ta yi ƙuraje. Wajen ƙarshen 1889 ya sa kamfanin Goodyear ya yi mata safar hannu ta roba mai laushi. Sauran ma'aikata suka gani suka ɗauka, daga baya aka lura cewa safar tana kare majinyaci ma. A watan Yunin 1890 ya aure ta. Safar da kuke gani a hannun ma'aikatan Babban Asibitin Hadeja daga wannan soyayya ta yaɗu. Shi ne kuma ya kafa tsarin da likita ke zama shekaru a asibiti yana koyon fiɗa mataki-mataki a ƙarƙashin babba, tsarin da asibitocin koyarwa na Kano da Zariya ke bi har yau. Cikin ɗalibansa akwai Harvey Cushing, wanda ake kira uban fiɗar ƙwaƙwalwa.

Babban aikin

Sankarar mama tsohuwar cuta ce. Abul Ƙasim Az-Zahrawi, likitan Andalus da ya rasu wajen 1013, ya rubuta a littafinsa At-Tasrif cewa ana iya cire ta in tana ƙarama kuma sabuwa, amma in ta girma ta daɗe a ƙyale ta, don shi bai taɓa warkar da irin wannan ba. Shekara kusan 900 bayansa likitocin Turai ba su wuce nan da nisa ba. A hannun manyan likitocin Jamus da Ostiriya, fiye da rabin matan da aka yi wa aiki cutar tana dawowa a wurin.

Halsted ya yi tunanin cewa sankara tana yaɗuwa ne kamar jijiyar bishiya: daga ƙullutun ta bi hanyoyin ruwan jiki zuwa kaluluwar hammata, daga nan zuwa ta wuya, sannu a hankali, tasha bayan tasha. In haka ne, to laifin likita ne da bai tono saiwar duka ba. Saboda haka ya tsara aikin da za a cire nono gaba ɗaya da fatarsa, da tsokar ƙirji da ke ƙarƙashinsa, da duk kaluluwar hammata, a ɗaga su dunƙule guda ba tare da wuƙa ta ratsa cikin cutar ba. Ramin da ya rage sai a yanko fata siririya daga cinya a lulluɓe. Daga baya ya ƙara har da kaluluwar da ke saman ƙashin wuya.

A 1894 ya buga sakamakon mata 50 da ya yi wa wannan aiki. Uku kaɗai cutar ta dawo musu a wurin da aka yanka, wato kashi 6 cikin 100. Duniyar likitoci ta girgiza. A gaskiya ya cancanci yabo, domin matan zamaninsa suna zuwa ne da ƙullutu babba, wani ya fashe yana wari, kuma babu gashi da na'ura, babu allurar kashe ƙwayoyin daji. Aikinsa ya raba mata da yawa da mutuwar wulaƙanci da gyambo a ƙirji.

Sai dai hana cuta dawowa a ƙirji daban, hana ta kisa daban. A 1907 ya gabatar wa ƙungiyar likitocin fiɗa ta Amurka sabbin alƙaluma. Cikin matan da cutar ba ta kai kaluluwarsu ba, mafi yawa sun rayu. Cikin waɗanda ta riga ta kai kaluluwar wuya kuwa, 'yan ƙalilan ne suka tsira, duk da an yi musu yanka mafi girma. Lissafin nasa da kansa yana nuna cewa abin da ke raba mai rai da mamaciya shi ne inda cutar ta kai kafin a zo asibiti. Wadda tata ba ta yaɗu ba, an yanke mata fiye da kima. Wadda tata ta riga ta bi jini ta shiga huhu ko hanta ko ƙashi, komai girman yankan ba zai cim mata ba. Halsted ya ga alƙaluman, ya ci gaba da aikinsa yadda yake.

Matan kuwa sun biya farashi. Ƙirji ya lotsa, kafaɗa ta sage, hannu ya kumbura saboda an toshe hanyar da ruwan jiki ke bi. Shi kansa ya yi rubutu a kan wannan kumburi a 1921, ya kwatanta shi da tundurmi.

Ƙofar da ya rufe

Tun yana raye wasu sun fara tunanin mayar wa mace siffarta. A 1895 Vincenz Czerny a Heidelberg ta Jamus ya ciro wani dunƙulen kitse daga bayan wata mata ya cike gurbin nonon da ya cire mata. A Italiya, Iginio Tansini na Jami'ar Pavia ya bayyana a 1906 yadda za a juyo fata da faffaɗar tsokar gadon baya, da jijiyar jininta, a rufe ƙirji da ita. Halsted bai yarda da irin wannan ba. A ganinsa gyaran zai ɓoye cutar in ta dawo, kuma zai sa likita ya yi rowar yanka don ya bar fatar ɗinki. Da yake maganarsa ta fi ta kowa nauyi, sai dabarar Tansini ta kwanta, ba a farfaɗo da ita sosai ba sai wajen 1976. Shekara 70 ke nan mata suna cusa tsumma da auduga a riga.

Ya sha fama da tsakuwar maɗaciya, cutar da ya yi wa mahaifiyarsa aiki a kanta. An yi masa fiɗa a 1919, aka sake a watan Agustan 1922, tsofaffin ɗalibansa ne suka yi. Ciwon huhu ya biyo baya, ya mutu ranar 7 ga Satumba, 1922, saura kwana 16 ya cika shekara 70. Bai bar ɗa ba, matarsa kuma ta bi shi bayan 'yan watanni. Jama'a sun ɗauka ya daɗe da rabuwa da ƙwaya. Sai a 1969 aka buɗe wani rubutun sirri na abokin aikinsa William Osler, aka ga ashe ya ci gaba da shan mofin yana shugaban sashe, har akwai lokacin da ba ya iya yin ƙasa da kusan miligiram 200 a rana.

Yadda lissafi ya kayar da suna

Mutuwarsa ba ta rage ƙarfin koyarwarsa ba. Ɗalibansa sun zama shugabanni a manyan asibitoci, suka koyar da nasu ɗaliban. Daga 1950 zuwa sama wasu ma suka zarce shi, suna tsaga ƙashin ƙirji suna cire haƙarƙari. Waɗanda suka yi jayayya, irin su Geoffrey Keynes da David Patey a Landan, da Vera Peters a Kanada, an daɗe ana yi musu kallon masu wasa da rayukan mata.

Wanda ya karya lagon abin shi ne Bernard Fisher na Pittsburgh. Gwaje-gwajensa sun nuna masa cewa ƙwayoyin sankara kan shiga jini tun da wuri, ba sa jiran su bi tasha-tasha. Maimakon musu da baki, sai ya ce a ƙirga. A 1971 ya fara bincike da mata sama da 1,600, aka raba su ta hanyar ƙuri'a: wasu aka yi musu aikin Halsted, wasu aka cire nono kaɗai aka bar tsoka, da gashi ko babu. Aka bi su shekara 25, tsawon rayuwarsu bai bambanta ba. A Milan ta Italiya, Umberto Veronesi ya gwada mata 701 masu ƙullutun da bai wuce santimita 2 ba. A 1981 ya nuna cewa cire ɓangaren da cutar take tare da gashi daidai yake da aikin Halsted wajen ceton rai. Binciken Fisher na biyu da ya fito a 1985 ya ƙara tabbatar da haka. Mata ma sun tashi, irin su 'yar jarida Rose Kushner, wadda ta yaƙi al'adar sumar da mace don gwaji ta farka ta tarar an cire mata nono ba a tambaye ta ba. A 1979 taron masana na hukumar lafiya ta Amurka ya sauke aikin Halsted daga matsayin wanda ake yi wa kowa.

Daga nan ƙofar gyara ta buɗe. Tun 1962 Thomas Cronin da Frank Gerow suka ƙirƙiro 'yar jakar silikon da ake sawa a ƙarƙashin fata. A 1982 Carl Hartrampf ya nuna yadda za a gina nono da fata da kitsen marar macen kanta. A 1998 Amurka ta yi dokar da ta tilasta wa kamfanonin inshorar lafiya da ke biyan kuɗin cire nono su biya na gyaransa. Bincike kuma bai nuna cewa gyaran yana rage damar rayuwa ba, wanda shi ne babban tsoron Halsted.

Mu kuma fa?

Sankarar mama ita ce kan gaba cikin cututtukan daji da ke kama matan Nijeriya. Ƙiyasin hukumar binciken daji ta duniya na 2020 ya ce an samu sabbin masu ita sama da 28,000 a ƙasar nan, sama da 14,000 kuma suka mutu. Mafi yawan matanmu sai cutar ta kai mataki na 3 ko na 4 suke isa asibiti, wato a irin halin da matan zamanin Halsted ke zuwa. Shi ya sa har yanzu cire nono gaba ɗaya ya fi yawa a wurinmu, ko da yake yanzu akan bar tsokar ƙirji. Barin nono kuwa yana buƙatar ƙullutu ƙarami da kuma gashi da na'ura, wanda mutumin Hadeja sai ya yi doguwar tafiya kafin ya samu. Gyara bayan cirewa akwai likitocinmu da suka iya, amma tsada da rashin sani sun sa kaɗan ne ke samu.

Kun san yadda abin yake a gida. Kunya ta hana faɗa, sai a ce ai ciwon nono ne na shayarwa, ko iska, ko sammu. A shafa wannan, a sha wancan, wanzami ya tsaga. In damina ta yi ƙarfi ruwa ya yanke hanya, sai a ce a bari sai kaka an sayar da shinkafa. Ga tsoron kar miji ya juya baya. Kowane wata da ya wuce, zaɓin da likita ke da shi raguwa yake yi.

'Yan'uwana mata, ku san jikinku. In kun ji ƙullutu a nono ko a hammata, ko kan nono ya shige ciki, ko yana fitar da jini, ko fatar ta yi ramuka-ramuka kamar ɓawon lemo, ku je asibiti ko da babu zafi, don sankara a farkonta yawanci ba ta ciwo. Mafi yawan ƙullutun da ake samu a jikin 'yan mata masu shekarunmu ba sankara ba ne, amma gwaji ne kaɗai zai tabbatar. Ku kuma maza, ku ne ke ba da izini da kuɗin mota a gidajenmu gobe, kuma ku sani namiji ma tana kama shi, wajen mutum 1 cikin 100 na masu ita.

Ni dai ban iya tsanar Halsted ba, ko da na so. Duk wanda aka taɓa yi wa tiyata ya tashi lafiya ya ci moriyar tsabtarsa da haƙurinsa. Kuskurensa shi ne ya yarda da ra'ayinsa fiye da alƙaluman da ke gabansa, na bayansa kuma suka ji nauyin sunansa suka kasa tambaya har shekara 85. Mu da ake koya wa tattara bayanai da rubuta furojet, mu riƙe wannan: in lissafi ya saɓa wa abin da malam ya faɗa, a koma a sake ƙirgawa cikin ladabi, a kuma faɗi abin da aka gani.

Da Gwaggo ta san cewa aikin da ta gani tana budurwa an daɗe da barinsa, kuma mai zuwa da wuri takan tsira har da nononta, wataƙila da ta yarda an kai ta tun ƙullutun yana kamar gyaɗa. Rai na Allah ne, amma babu wanda ya gaya mata, har da ni, don lokacin ban sani ba. Hutun nan in kun koma gida, ku zauna da Inna da Gwaggo da Yaya ku gaya musu. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya jiƙan waɗanda suka riga mu.